Shagon kayan bautar ƙasa na Samaru: ɗinkin Baba ya yi, kafe ɗin kuma sai haƙuri

Ga masu ƙanne ko 'ya'ya da sunansu ya fito za su tafi bautar ƙasa, musamman 'yan ABU da Nuhu Bamalli, ga bayani a kan shagon nan na Samaru a Zariya da ake ta tura mutane, wanda yake ta wajen kasuwa in ka bi layin masu gyaran waya. Ba zan kama suna ba saboda akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan yi ƙorafi, mutumin kuma dattijo ne ba na son a ce na ɓata masa kasuwa, amma duk ɗan Samaru ya san wajen. Shago biyu ne a manne, ɗaya na ɗinki da sayar da kayan kam, wato sansanin horon sati uku da ake farawa da shi, wanda Baba da kansa yake ciki, ɗayan kuma kafe ne na intanet inda ake yin rijista, ɗansa yake riƙe da shi. Ƙanwata na kai, tun daga rijista har gyaran kaki bayan ta dawo daga kam duk a wajen muka yi, don haka na ga cikinsu na ga bayansu. Ɓangaren ɗinki zan iya tura kowa ido rufe, kayan sayarwa sai ka iya zaɓe, kafe kuwa in kana da hawan jini gara ka nemi wani waje.

Bari in fara da kafe ɗin tunda da shi ake farawa. Ranar da aka buɗe fotal, wato shafin rijista na hukumar bautar ƙasa (NYSC), kowa ya san yadda ake yi, duk garin a lokaci ɗaya ake son shiga, netwok ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, wannan ba laifinsu ba ne ko ina haka ne. Laifinsu shi ne rashin tsari. Kwamfuta huɗu ce a shagon amma na'urar dangwale guda ɗaya tal, ga jama'a har bakin kwata, babu lamba babu littafin rubuta suna, wanda ya fi iya kutse da wanda ya san yaron shago su ne a gaba, 'yan mata na tsaye da fayil a hannu tun safe rana na dukansu. Janareto kuma a bakin ƙofa suka ajiye shi, hayaƙin duk ciki yake komawa, sai ka ɗaga murya kafin mai buga maka bayanai ya ji ka, kuma nan ne haɗarin yake don aikin nan ba ya son kuskuren harafi ko ɗaya. Yaron yana da sauri gaskiya, hannunsa na gudu a kan kibod, amma saurin ya yi yawa, ranar haihuwar ƙanwata ya juya wata ya koma rana, rana ta koma wata, Allah ya sa ina tsaye a kansa na ce Malam dakata koma baya. Ko a jikinsa, cewa ya yi "ai ana gyarawa daga baya Yallaɓai". Ana gyarawa ɗin, amma wa zai yi zirga-zirgar? Shekarun nan da kake gani su ne komai a harkar, wanda ya haura 30 kafin ya kammala karatu takardar yafewa ake ba shi ba ya zuwa kam, sannan dole sunanka ya zo daidai da yadda yake a JAMB da yadda makaranta ta tura, in an samu saɓani kai ne za ka sha wahala ba mai kafe ba. Don haka kar ka bari a danna turawa sai ka karanta komai da idonka, ka sa a juyo maka fuskar kwamfutar. Dangwale kuma dole mai tafiyar ne zai yi da yatsansa, kar wani ya ce zai yi maka don kana Kano ko kana kwance, da yatsan nan za a tantance ka a kam kuma da shi za ka riƙa yin kiliyaras duk wata kafin alawi ya shigo. Mata masu lalle ku kiyaye, ƙanwata ta sha jan lalle na bikin ƙawarta, na'urar ta ƙi karɓar yatsan sai da aka yi ta gogawa da audugar sifirit ana sakewa.

Kuɗin da ake biya ta Remita don ka iya cire takardar kiranka ta intanet bai kai dubu uku ba, amma abin da shagon ke ɗorawa na aikinsu ba a rubuce yake ko ina ba, fuska ake kallo. Na ga wanda aka karɓi kaza a hannunsa, na bayansa ya zo da mota aka ƙara masa. Ku tambayi kuɗi kafin ku zauna.

Abin da ya fi ɓata min rai dai ba wannan ba ne. Akwai wani matashi da ke zama a bencin waje, ba ma'aikacinsu ba ne amma kullum yana nan, agogo mai ƙyalli waya biyu a hannu, in ya ga uba ko yaya ya kawo 'ya mace sai ya matso a hankali ya yi sallama, "Alhaji ina ake so a kai ta, Kano ko Abuja ko nan Kaduna za a bar ta? akwai hanya". Ni ma ya same ni. Kuɗin da ya faɗa ya fi alawin wata biyu, rabi yanzu rabi in takarda ta fito, kuma in ba ta fito yadda ake so ba wai sai a jira a yi mata canjin jiha daga kam. Wato ko ta ina shi bai yi asara ba. Na ce masa Allah ya ba da sa'a. Ni ban san ko yana da hanyar ko ba shi da ita ba, abin da na sani akwai hanyar neman canji ta gaskiya wadda ba a biyan ko sisi, matar aure tana kai takardun aure a bar ta jihar mijinta, mai rashin lafiya ya kai takardar asibiti, akwai kuma dalilin tsaro. Na yi wa Baba maganar, ya ce ya kore shi ya fi a ƙirga, benci ne na layi ba nasa ba. To na ji, amma ɗansa yana gaisawa da shi suna shan shayi tare, wanda ya zo daga ƙauye da 'yarsa zai ɗauka duk tafiyar ɗaya ce. Wannan ya rage musu maki sosai a wajena.

Kayan kam kuwa akwai na kirki akwai na banza a kanta ɗaya, kuma ba za a gaya maka ba sai ka tambaya. Fararen riguna kala biyu ne, akwai mai arha a leda wadda in ka ɗaga ta saitin ƙofa kana hango masu wucewa a titi ta cikinta, wannan wanki biyu wuyan ya saki, ga mace kuma ba ta sakuwa sam don ana zufa komai ya bayyana. Akwai mai kauri ta auduga da yake ajiyewa a ƙasan kanta, ta fi tsada amma ita ce kaya. Ku ce a ba ku ta ƙasa. Farin takalmi ku ɗauki na roba ba kambas na yadi ba, musamman in da damina za a shiga, na roba ka watsa masa ruwa ka goge shikenan, na yadi kuwa in ya sha jar ƙasa sai dai haƙuri kuma ba zai bushe kafin faretin asuba ba. Jakar ƙugu tasu zif ɗinta ba shi da ƙarfi, a gabana na ja ɗaya ya rabu biyu, Baba ya karɓa ya canza mata zif na ƙarfe bai ƙara ko kwabo ba, to ku ma ku ce a canza tun a nan, don jakar nan ita ce bankinka ita ce ɗakinka na sati uku, waya da kuɗi da katin abinci duk a ciki, har wanka da ita ake shiga. Gidan sauro da tocila da kwaɗo da kula ta abinci duk suna da su kuma kuɗin bai fi na kasuwar Sabon Gari da wani abin a zo a gani ba, in ka lissafa kuɗin Keke zuwa can ka dawo ma ɗaya ne. Bokiti kar ku saya, wahalar ɗauka ce kawai a mota, a sayi can ko da an ƙara kuɗi. Fawa bank ɗinsu ban yarda da shi ba, ku je wajen masu waya.

Inda suka ciri tuta shi ne ɗinkin mata. Duk wanda ya san kam ya san farar riga da gajeren wando ne kayan kullum, kuma wannan shi ne abu na farko da ke sa iyaye a nan suke ƙin barin 'ya'yansu mata. Baba yana ɗinka dogon farin wando mai roba a ƙugu, yadi mai kauri, da faɗi daidai yadda za a iya fareti da shi ba tare da ya kama jiki ba, da rigar da ta sauko ta rufe, da ƙaramin farin hijabi wanda ba zai hana saka hular ba. Bai auna ta da hannunsa ba, akwai wata yarinya mai koyon aiki ita ta ja labule ta auna, shi yana daga nan yana tambaya tana faɗa masa yana rubutawa a bayan kwalin siga. "'Yata kar ki ce a matse, can gudu za ki yi ba biki za ki ba." Na ji daɗin wannan.

Sai dai fa tela tela ne. Ya ce Laraba, muka zo Laraba ya ce wuta, muka dawo ya ce yaron wibin bai zo ba, sai ana gobe tafiya da daddare muka karɓa ina tsaye yana datse zare. Ba a fafe gora ranar tafiya, ku kai aikinku tun ranar da kuka yi rijista, kar ku jira takardar kira ta fito don tsakaninta da shiga kam kwanaki kaɗan ne, lokacin kuma kowa ya taso masa.

Iseyin aka tura ta, jihar Oyo. Ranar da takardar ta fito gidanmu kamar an yi rasuwa, Hajiyarmu ta ce babu inda za ta, satifiket ɗin ya daɗe bai zo ba. Kuma ba za ka ce ba ta da hujja ba. Kowa ya tuna yaran nan takwas 'yan Akwa Ibom da aka sace a hanyar Zamfara a watan Agustan 2023 suna tafiya kam ɗin Sakkwato, na ƙarshensu sai da ya yi wajen shekara guda a hannun mutanen. Ita uwar can da ke Uyo da tamu uwar da ke Tudun Wada tsoro ɗaya suke ji, kowace na ganin ɗaya ɓangaren ne daji. Da ƙyar da lallashi da sa bakin kawunmu aka bar ta, da sharaɗin ba tafiyar dare, in magariba ta yi a tsaya a kwana, wanda dama ita hukumar haka take ce wa yara. Ta je ta yi sati ukunta lafiya, ta dawo ta yi baƙi ta rame tana mana waƙoƙin fareti, an tura ta wata sakandare za ta koyar da Kemistiri, kuma da bakinta ta ce ba ta son canjin jiha za ta zauna.

Dawowarta hutun bayan kam ne muka koma da kakin. Kayan nan dubbai ake ɗinkawa a lokaci ɗaya babu wanda ya auna ka, abin da hannunka ya faɗa kai shi ne naka, nata wandon buhun masara sak, mutum biyu za su shiga su yi hira. Ta ba telan mami maket, wato kasuwar cikin kam, ya rage mata don ta samu na rantsuwa, shi kuma ya kama gefe da gefe kawai ya bi da keke, aljihu ɗaya ya shige cikin ɗinki, hantsar ta sauko har kusan gwiwa, in ta ɗaga ƙafa sai ya riƙe ta. Baba ya ɗaga wandon ya juya cikinsa waje ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce "wannan ba tela ba ne, mai sauri ne". Ya ɗauko reza ya farke ɗinkin tun daga ƙugu har ƙasa, ya cire aljihun gaba ɗaya ya ajiye gefe, ya shimfiɗa yadin a tebur ya bi da dutsen guga na gawayi sai da tsohon layin ya ɓace, sannan ya zana sabo da alli. Ta baya ya rage ƙugun ba ta gefe ba, ya ce in ka rage ta gefe aljihu ne ke tafiya. Ya ɗaga hantsar, ya mayar da madaukan bel inda ya kamata, ya bi hantsar da ɗinki biyu don nan ne ke fara yagewa, ƙafar kuma bai yanke ba kalmasa ya yi ta ciki ya ce kaki yana shiga in ya sha wanki, in ya ɗage sai a sake. Jaket ɗin ma ya cire hannun ya rage kafaɗa ya mayar, bai taɓa bajen ba. Da ta saka ta fito wallahi sai ka ce don ita aka yanka yadin. Kuɗin da ya karɓa bai kai abin da na mami ya karɓa ya ɓata ba. Jangul but ne kawai ya ce ba aikinsa ba ne, in ya yi yawa a cusa safa biyu ko a nemi wanda za a yi musaya da shi.

To a zaman jiran wandon nan ne aka yi musun da ya sa na ce sai na yi rubutun nan da tsawo, don shagon Baba majalisa ce, ba ka zama minti goma ba a tayar da maganar a soke bautar ƙasa ko a bar ta ba. Akwai wani malami da ya kawo gyaran kaftani, da ganin yadda yake magana ka san daga cikin jami'a ya fito, shi a soke kawai yake cewa. Hujjarsa an kafa abin ne a 1973 shekara uku bayan yaƙin basasa don yaran Kudu su san Arewa na Arewa su san Kudu, lokacin jami'o'in ƙasar nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba, wanda ya gama kuma aiki na jiransa har da bashin mota. Yau fa? Dubban ɗaruruwa ake fitarwa duk shekara har sai an raba su rukuni-rukuni, wasu su yi watanni a gida suna jiran layi, a je a ƙare a dawo a zauna. Ya kawo maganar yara goma da aka kashe a Bauci bayan zaɓen 2011 suna aikin zaɓe, ya ce wace ƙasa ce za ta tilasta maka zuwa inda ba za ta iya tsare ka ba. Ya ce Jamus ma ta dakatar da tilasta shiga soja a 2011, mu kuma har ministan ilimi Tunji Alausa yana cewa a 2025 wai a mayar da ita shekara biyu.

Baba bai ɗago daga keke ba ya ce "Malam kai ka yi ai". Ya ce ya yi, a Kalaba. "To da ba don ita ba me zai kai ka Kalaba?" Aka yi dariya. Baba mutumin Gowon ne na a mutu, shugaban ƙasar da ya kafa bautar ƙasa, yana alfahari da cewa Gowon ɗin a Wusasa ya tashi a Barewa ya yi karatu, in ka taɓa bautar ƙasa kamar ka taɓa ɗan unguwarsu ne. Ya ce lokacin da aka kawo ta ma ɗalibai zanga-zanga suka yi ba sa so, ga shi an haura shekara hamsin ana yi. Na san dai akwai cinikinsa a ciki, in aka soke rabin aikinsa ya tafi, shi ma da aka tsokane shi bai musa ba ya ce to da me zan ci tuwo. Amma ya faɗi wata magana da ba ta ciniki ba ce, ya ce ku je makarantun ƙauyukan Giwa da Soba da Kudan ku tambaya wa yake koyar da Lissafi da Fizik, ku je ƙananan asibitoci ku ga wane likita ne a ciki. Kuma a wajen akwai shaida a zaune, wani kofa, wato ɗan bautar ƙasa, ɗan Inugu da ya kawo kakinsa a sake masa zif, a wani ƙauye yake koyarwa ta hanyar Giwa, Hausarsa ta fara nuna har yana cewa "ba wahala Baba". Ya ce kafin ya taho mahaifiyarsa azumi ta yi ta yi, yanzu kuma mai unguwa ne ke aiko masa da masara da ƙwan zabi, ɗakin da yake ciki ma ba ya biya. Amma da malamin ya tambaye shi tsakaninka da Allah in an ba ka zaɓi za ka zo? sai ya yi dariya ya ce a'a, Legas zai tafi.

Wanda ya kashe bakin kowa wani ɗan acaɓa ne da ya fake a rumfar yana jiran fasinja, ba wanda ya sa da shi. Ya ce shi yana jin ana ta cewa bautar ƙasa wajibi ce a kan ɗan ƙasa, to shi da ya tsaya a sakandare ba ɗan ƙasa ba ne? Yayarsa mai NCE da ta shekara tana koyarwa a firamare ba a kira ta ba, sai mai digiri da mai HND. Ya ce shi da za a ba shi 77,000 duk wata da kaki da wajen kwana, ko Bayelsa ce gobe zai tafi, ku kuna kuka da abin da mu muke roƙo. Malamin ya buɗe baki ya rufe. Gaskiya ni ma ban taɓa kallon ta ta nan ba, kullum musun tsakanin masu digiri ake yin sa, alhali mafi yawan matasan garin nan ba a ma gayyace su ba balle su ƙi. Ga Daffo nan a cikin gari tun 1924 ana horar da kuratan soja, yaran talakawa ne ke rububin shiga da ƙafarsu, su ne kuma ake turawa daji, ba wanda ya ce musu wajibi ne.

Ni nawa ra'ayin, kuma na yi tawa a Ebonyi lokacin alawi yana 19,800 kafin a mayar da shi 33,000 a 2020, ban goyi bayan a soke ba. Can na fara zama ɗaki ɗaya da wanda ba addininmu ɗaya ba, shi yake tashina sahur in na makara, har yau muna waya, kuma can na gane yawancin abin da ake faɗa mana a kansu da abin da ake faɗa musu a kanmu hira ce ta wanda bai taɓa fita ba. Soke ta ma ba abu ne mai sauƙi ba, dokar tana cikin kundin tsarin mulki na 1999, shi ya sa ƙudurin da wani ɗan majalisar wakilai daga Ribas ya kawo a 2021 sai da ya biyo ta hanyar gyaran kundin, kuma bai kai ko ina ba. Amma kalmar dole ɗin nan tana damuna in na tuna bencin ƙofar kafe. Dole a kan wa? Wanda ubansa ke da lambar waya a Abuja zai yi tasa unguwa ɗaya da gidansu, wani ma sai ranar kiliyaras ake ganinsa, a raba alawi da wanda ke rufa masa asiri, ƙarshen shekara ya karɓi satifiket iri ɗaya da na yaron da ya yi wata goma sha ɗaya a ƙauyen da babu wuta. Ɗan mai gadi shi ne zai hau doguwar mota ya kwana biyu a hanya. Kuma takardar kammalawar nan ba wasa ba ce, doka ta ce mai ɗaukar aiki ya nemi ganinta, kowa ya ga yadda maganarta ta sa ministar kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye aiki a 2018, duk da daga baya kotu a 2021 ta ce dama ba ta hau kanta ba. In har za a riƙe mutum da takarda haka, to wanda ya tilasta shi ma akwai nasa wajibin, ya tsare hanya, ya ba da wajen kwana, ya tura mutum inda karatunsa zai yi amfani ba a kai injiniya ofis yana sayo wa oga abinci ba, kuma layin ya zama ɗaya ga kowa.

Sannan a daina cewa yaro ne kaɗai ke bautar, gidansu ma suna yi. Ni na san abin da na kashe a shagon nan da takardar lafiya ta asibiti da hotuna da fotokwafi da kuɗin mota zuwa Oyo da na kashewa a kam, ya haura alawin wata guda nesa ba kusa ba kafin gwamnati ta ba ta ko naira, kuma 77,000 ɗin da aka fara biya a Maris 2025 in ka cire haya da abinci da mota a garin da ba ka da kowa, sai ka ga har yanzu ana waiwayar gida. Mu Allah ya rufa asiri mun iya. Na ga wani dattijo a shagon yana ƙirga canji yana mayar da gidan sauro don kuɗin bai kai ba, Baba ya ce ɗauka Malam in ya fara karɓar alawi ya aiko, ya rubuta a kwalin sigan nan nasa ko lambar waya bai karɓa ba. Malamin jami'a dai bai sauka daga ra'ayinsa ba har ya karɓi kaftaninsa, yana fita yana cewa a mayar da ita ganin dama a ga mutum nawa za su je, Baba ya ce a sauka lafiya Malam, a gaida Kalaba.

Wanda zai je, Baba yana buɗewa wajen tara na safe, ranar Juma'a kuma daga sha biyu sai bayan la'asar. Yana ɗinka sabon kaki gaba ɗaya ga wanda nasa ya ƙone da guga ko yake son na ranar POP, wato faretin kammalawa, amma ku duba launin yadin a hasken rana kafin ya yanka don akwai wanda ya fi na gwamnati duhu, a fareti za a gane. Ku riƙe tsabar kuɗi, ba ya karɓar taransfa sai ta asusun ɗansa, in kuma kuɗi ya shiga can sai an yi ta kiran yaron kafin ya tabbatar, mai POS na kusa kuma cajinsa ya yi yawa. Rijista ku yi a wani kafe ɗin da ke da na'urar dangwale fiye da ɗaya, akwai su da yawa ta wajen Kongo da PZ, sannan ku kawo wa Baba ɗinkin.